Yadda Ake Ceto Fentin Tsohuwar Motar Soja, Ko A Yi Mata Sabo Ba Tare Da An Lalata Ta Ba

Tun da na fito da Land Rover ɗin da kawuna ya bari, wadda ya saya a gwanjon motocin soja ina ɗan firamare, ban huta da tambaya ba. A gidan mai a tare ni, bayan sallar Juma'a a tare ni, wasu kuma ta waya: wane fenti ka sa mata? Nawa ta ci? Mu ma akwai irinta a gidanmu na Ƙaura, kaji ke kwana a ciki, ta ina za mu fara? Amsar ba ta tsayuwar bakin titi ba ce, shi ya sa na zauna na jero ta daki-daki.

Zan fi yin magana a kan Land Rover samfurin Series II, IIA da III, waɗanda aka ƙera daga 1958 zuwa 1985, don su suka fi yawa a gidajenmu. Mai tsohuwar Bedford, ko Steyr irin haɗin Bauchi, ko Mercedes 911, shi ma zai bi wannan tsari, sai dai jikin tasa ƙarfe ne, na Land Rover kuwa yawancinsa alminiyam ne, kuma a nan mutane suka fi yin ɓarna. Matakan na jera su ne daga mai taushi zuwa mai tsanani, da gangan. Sabon fenti ko yaushe ka samu kuɗi za ka iya fesawa, amma na asali in samfefa ta cinye shi ba kasuwar da za ka sayo shi.

1. Takardu da launi, kafin ka taɓa ko soso

Nemo takardar gwanjo ko rasiɗin sayen motar, da duk takardar rajistar da ta rage. Ka gwama lambar casis da ke takarda da wadda ke jikin mota. A waɗannan Land Rover akwai ɗan faranti mai ɗauke da lambar a bangon da ya raba inji da mazaunin direba, sannan an buga ta a jikin casis ɗin kansa, wajen maƙalin sifirin na gaba ta hannun dama. Yawanci giris da laka sun rufe ta, kananzir da tsumma za su fito da ita. Kada a sa mata giranda.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi girma a rubutun nan: a Najeriya akwai doka tun 1977 da ta hana farar hula hawa titi da mota mai launin koren soja. Ko babu dokar ma, duk wanda ke bin hanyar Gusau zuwa Tsafe ko zuwa Talata Mafara ya san yawan shingen bincike, ya kuma san halin rashin tsaron da muke ciki a jihar nan ta Zamfara. Mota mai kama da ta soja a hannun wanda ba soja ba tana jawo tambayar jami'an tsaro, tana kuma jawo idon waɗanda ba tambaya suke yi ba. Sojan da ke kan shinge ba zai tsaya bambance koren sojan Ingila na da da na sojan Najeriya na yau ba. Don haka ka yanke tun yanzu: motar hawa kake so ko ta ajiya? In ta hawa ce, wajenta ba zai zama kore irin na soja ba, ba zane-zanen ɓad-da-kama, ba lamba mai farawa da NA, ba tambarin runduna. In ta ajiya ce, wadda za ta zauna a rumfa cikin gida, in za a kai ta wani wuri a ɗora ta a kan babbar mota, to kana da sararin riƙe kamanninta na asali.

2. Hoto, sannan wanki

Ɗauki hoton motar yadda take da ƙurarta, kowane gefe, cikin inji, ƙarƙashin kujeru, bayan ƙofofi, da duk wani faranti ko rubutu. Sannan ka wanke ta da ruwa da sabulun wanke-wanke da soso mai laushi. Inda mai ya daskare, kananzir. Kada ka kai ta wurin masu wanki da injin ruwa mai ƙarfi, fentin da ya shekara 40 yana ɗagowa kamar ɓawon gyaɗa. A bar ta kwana 2 a inuwa ta bushe.

3. Karanta fentin

Wannan matakin shi masu fenti suka fi tsallakewa, ni kuma shi na fi ba wa lokaci. Motar soja ba fenti ɗaya gare ta ba. Akwai na kamfani a can ƙasa, a kansa akwai wanda sojoji suka yi ta shafawa da burushi duk sanda za a yi faretin duba kaya, a kan wannan kuma akwai na wanda ya saye ta a gwanjo, sau da yawa fentin ƙofar gida ne ma. Tawa hawa biyar na ƙirga.

Fara da wuraren da rana da burushi ba su kai ba: ƙarƙashin akwatin kujera, bayan dashbod, cikin murfin akwatin kayan aiki, ƙarƙashin hinjin ƙofa in ka kwance shi. Launin da ka gani a nan shi ne na gaskiya. A motocin da aka ƙera wa sojan Ingila za ka tarar da kore mai duhu mai sheƙi da ake kira Deep Bronze Green, lambarsa 224 a jadawalin launuka na BS 381C. Waɗanda suka biyo baya a shekarun 1970 sun koma kore marar sheƙi, NATO Green, lamba 285. In ka ga ruwan ƙasa mai haske irin na rairayi, Light Stone ne, lamba 361. Rubuta abin da ka samu.

Sai ka buɗe taga a jikin fentin. Zaɓi wuri kamar faɗin tafin hannu a ƙasan madgad, ka jiƙa samfefa mai lamba 600, ka riƙa gogawa a hankali da yatsu biyu, kana zuba ruwa kana dubawa. Fentin zai riƙa bayyana zobe-zobe kamar an yanka albasa. Ka tsaya da zarar firaima, wato shafen farko da ke kan ƙarfe, ta leƙo. Yi irin wannan taga a bonet, a ƙofa, da a baya, don sau da yawa ƙofar wata motar ce aka ɗaura mata.

Rubuce-rubucen soja kuma da dare ake nemansu. Kashe fitila, ka kwantar da tocila a jikin motar yadda haskenta zai bi fatar fentin a kwance. Duk harafin da aka binne zai fito da ɗan tudu. Duba ƙofofi, gaban madgad, bamba, bayan mota, da saman kowace taya inda ake rubuta yawan iskar da za a sa mata. Wasu za ka tarar da zagayayyen faranti ko zanen rawaya a gaba mai lamba a tsakiya, wanda ke nuna nauyin motar saboda hawa gada. Inda ka ga alama, zagaye wurin da alli, ka goge da samfefa 800 da ruwa, hawa-hawa, da hannunka ba hannun yaron shago ba. Harafi ya fito, ɗauki hoto da tef ɗin awo a gefensa, ka ɗora farar leda ka kwafe shi da maka.

Na faɗi hannunka ne don abin da ya same ni. Na bar motar a wani gareji na tafi sallar Azahar, na dawo na tarar wani yaro ya ɗora giranda a ƙofar direba, yana ta murna ya fito da farin ƙarfe. Rabin lambar da na kwana biyu ina lallaɓawa ta bi iska. Mai garejin, dattijo ne, ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, yaro bai san mi kaka biɗa ba. Mu nan in an kawo muna mota, kankarewa mukai." Gaskiyarsa ce. Laifina ne da ban zauna na yi musu bayani ba tun farko.

Gwaji biyu suka rage. Na farko, maganaɗisu: bi jikin motar da shi. A Land Rover ba zai kama madgad da fatar ƙofa da bodin baya ba, alminiyam ne. Zai kama casis, bangon inji, da firam ɗin cikin ƙofa. A motar ƙarfe kuwa, duk inda ya ƙi kamawa fila aka cusa, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi. Na biyu, tina, wato ruwan sirka fenti: jiƙa farin tsumma da tinar selulos ka danna a ɓoyayyen wuri na kamar minti 1. In launin ya narke ya bi tsumma, fentin selulos ne. In ya yi yamutsa kamar fatar tsohuwa, fentin mai ne. In bai ko motsa ba, gasasshen fentin kamfani ne ko mai hadina, wato sinadarin da ake haɗawa da fenti don ya ƙanƙare. Ajiye wannan amsar, za ka buƙace ta a mataki na 8.

4. Yanke shawara

Hanya uku ce. In fentin asali ya rage a mafi yawan jikin motar, yana manne, kuma motar ta ajiya ce, ceto za ka yi, ko da ya koɗe ya yi tabo. Gidajen tarihi, irin gidan tarihin yaƙi na Umuahia, abin da mutane ke zuwa gani shi ne abin da ya ga zamanin, ba sheƙi ba. In fentin ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, ko yana zubowa in ka kankara da farce, ko tsatsa ta ci ƙarƙashinsa, sabo za a yi, ba abin da za a ceta.

Ta uku ita na bi, ita nake ba mai son hawa shawara: waje a yi masa launin farar hula, ciki a bar shi da na asali. Dashbod, akwatin kujera, cikin inji, cikin bodin baya, duk korensu na kamfani yana nan a tawa da gogewar gwiwar direbobin da suka riga ni. Na kuma cire ƙofar baya mai ragowar rubutu na rataye ta a ɗaki, na sa wata a madadinta.

5. In ceto za ka yi

Fentin da aka shafa daga baya shi za ka fara ragewa, da samfefa 800 zuwa 1000 da ruwa, ɗan wuri kaɗan-kaɗan. In gwajin tina ya nuna na saman yana narkewa na ƙasan ba ya motsi, ka yi sa'a: tsumma da tina za su ɗebe maka na sama su bar na kamfani. Aiki ne na makonni, ana yin sa da rediyo a gefe.

Jan zanen tsatsa da ya zubo a kan fenti daga kusoshi, garin okzalik da aka jiƙa a ruwa yana ɗauke shi. Sa safar roba, shafa, jira minti 10, ɗauraye sosai. Inda ƙarfe ya fito fili ya yi tsatsa, goge da ɗan burushin waya iya wurin kawai, ka ɗiga maganin tsatsa mai sinadarin fosforik da ƙaramin burushi, zai mayar da ita baƙa. In kana so ka toshe tabon, a haɗa maka ɗan fenti daidai da koɗaɗɗen launin da ke wurin, ba launin littafi ba, ka ɗiga a cikin ramin kawai.

Daga nan sai kariya. Kakin goge mota marar ƙwayoyin gurzawa shi ya fi, a shafa siriri, a goge da tsumma mai laushi, a maimaita sau biyu a shekara, kafin damina da kafin hunturu. Wasu na shafa dafaffen man linsid da aka sirka da tafentain. Yana farfaɗo da launi nan take, gaskiya ne, amma yana duhunta fenti da daɗewa, kuma a garin da ƙura ke sauka wata uku a jere yana kama ta kamar danƙo. In za ka yi amfani da shi, shafa kaɗan ka goge har sai tsumma ya fito a bushe.

Gargaɗi: tsumman da ya sha man linsid in aka dunƙule shi aka jefar a kwana yana iya kama wuta da kansa. Shanya shi a buɗe, ko ka tsoma shi a bokitin ruwa.

Abubuwan da ba za su taɓa fentin ba: baƙin mai, man gas, man gyaɗa, da man birki, wanda shi kai tsaye cin fenti yake yi. Kada a yi wa kore marar sheƙi folish da inji, zai yi ƙyalli wuri-wuri kamar goshin mai sanƙo. Kada kuma a yarda da mai cewa a fesa mata kiliya, wato fentin sheƙi marar launi, a kan tsohon fenti don ya daɗe. Ranar Zamfara za ta ɗaga kiliyar, in ta tashi kuma da fentin ƙasan take tashi.

Mai ceto ya gama a nan, sai ya tsallaka zuwa mataki na 11.

6. Cire tsohon fenti

Kwance duk abin da ke kwantuwa: ƙofofi, bonet, rufi, fitilu, gilasai, robobi, madubai. Kusoshin kowane wuri a ledarsu, a rubuta suna. Kusoshin waɗannan motoci yawanci awon inci ne, in sun ɓace na kasuwa ba lallai su hau ba. Ka rufe farantin lamba da tef hawa biyu.

Gargaɗi a kan ƙura: ɗauka cewa tsohon fentin nan akwai dalma a cikinsa. Firaimar da za ka gani rawaya-kore a kan alminiyam ita ma guba ce in an shaƙa. Mu a jihar nan ba sai an yi mana dogon bayanin gubar dalma ba. A 2010 ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙurar fenti hanyarta ɗaya: hanci, baki, tufafi, hannun yaro. Saboda haka ba a wannan aiki a tsakar gida. A goge da ruwa, ba a bushe ba. A shimfiɗa leda a tara lakar, kada ta bi kwata ko ta je inda awaki ke sha. A sa takunkumi mai matata, ba ƙyallen rawani ba. Kayan aiki su kwana a gareji, a wanke hannu da fuska kafin cin abinci. Kada a ƙona fenti da wutar walda. Almajirai da yaran unguwa da ke taruwa kallo, a sallame su.

A kan alminiyam, maganin cire fenti na gwangwani shi ne daidai, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da alminiyam. Shafa da kauri, rufe da leda don kada zafi ya busar da shi, jira fentin ya kumbura, kankare da abin roba ko katako. Abin da ya rage a bi shi da samfefa 180, sannan 240.

Gargaɗi uku a nan. Soda, irin ta yin sabulu, tana cire fenti a ƙarfe amma cin alminiyam take yi, kada ta kusanci bodin Land Rover, komai arahar da mai fenti ya ce za ta yi maka. Feshin yashi yana lanƙwasa fatar alminiyam ta yi igiyar ruwa, ba mai iya miƙar da ita. Burushin wayar ƙarfe kuma yana barin ɓurɓushinsa a cikin alminiyam, bayan shekara ka ga fenti yana ƙuraje. Duk waɗannan ukun a casis da sauran sassan ƙarfe ne suke da wuri.

Ba dole ne a kai ko'ina farin ƙarfe ba. Inda fentin kamfani ke manne daram, a daddale shi da samfefa 320 a bar shi, ya fi duk firaimar da za ka saya. Ƙarafan da ke bin saman bodin baya da kusurwoyinsa, da firam ɗin gilashin gaba, masu rufin zinki ne irin na kwanon gini. Sojoji sukan shafe su da kore. A cire fentin da magani a bar su da tokarsu, kada a goge da samfefa a cinye zinkin.

7. Tsatsa da gyaran bodi

Bi casis da ƙaramar guduma kana saurare. Inda ya yi ƙara mai kyau lafiya lau, inda ya yi kamar ka bugi kwali a yanke a yi walda. Ka fi zuba ido a kan sandar baya ta casis, ƙafafun da ke riƙe bodi, wajen taka ƙafa a bangon inji, da ginshiƙan ƙofa. Ƙasan ƙofofi za ka ga farin gari, nan ne ƙarfe da alminiyam suka haɗu suna cin juna. A goge, a yi wa kowanne firaima daban, a sa roba ko tef a tsakaninsu kafin a mayar.

Walda duka a gama ta kafin firaima. Fila kuma kada ta wuce kaurin kwali. Masu gyaran bodi suna son su shafe motar ta yi sumul kamar sabuwar Corolla. Hana su. Kawunan ribit da ɗigo-ɗigon waldar kamfani da ke bin gefen bodi, da su motar ta fito, in aka binne su kamanninta ya tafi.

8. Firaima

Goge jiki da maganin cire maiƙo, tsumma ɗaya na shafawa ɗaya na busarwa. Alminiyam tsirara ba ya riƙe firaimar gama-gari. Dole a fara da mai cizon ƙarfe, wadda masu shago ke kira ec firaima, hawa ɗaya siriri har kana hango ƙarfen ta cikinta, ko kuma firaimar efoksi. A fesa ta a ranar da aka goge wurin, don alminiyam yana sake yin fata cikin sa'o'i. A kanta sai firaima mai cikawa hawa biyu zuwa uku da gan, wato bindigar feshi, mai bakin milimita 1.8, a bar ta ta kwana, a goge da 400 sannan 600.

Gargaɗi: koma ga gwajin tinarka. In ka bar tsohon fentin mai a wani wuri, ka fesa selulos ko fenti mai tina mai zafi a kansa, zai yamutse a gabanka. Ko dai a cire shi gaba ɗaya, ko a raba su da firaima mai shiga tsakani. Gwada a ƙofa ɗaya tukuna.

9. Launi da irin fenti

Ga motar hawa, kamfanin Land Rover kansa yana da launukan farar hula na wancan zamani: Limestone mai ruwan madara, Marine Blue, da toka. Tawa shuɗin na sa mata da rufi mai ruwan madara, wanda ke rage zafi a ciki. Akwai kore mai haske a jerin, amma ni a halin yanzu ko wane kore ne ina kauce masa.

Ga motar ajiya, kada ka kai wa mai haɗa fenti hoton waya. Kwance murfin akwatin kayan aiki ko wani ƙaramin ƙarfe mai launin asali ka kai masa. In a Gusau ba a samu mai haɗawa daidai ba, a aika Kano ko Kaduna. A shafa gwaji a gefen ƙarfen, a jira ya bushe, a duba a hasken rana.

Fentin mai na mota ya fi araha, ana iya gyara tabonsa da burushi, kuma sheƙinsa ya fi kama da na da, sai dai yana jinkirin bushewa. Mai hadina, wanda ake kira otokiril, ya fi jure rana nesa ba kusa ba, shi na zaɓa wa waje. In sheƙinsa ya yi maka yawa akwai sinadarin rage sheƙi da ake zubawa. Otobes, wato launin da sai an bi shi da kiliya, ba na wannan mota ba ne, sai ta fito kamar amaryar da aka yi wa kwalliyar da ba tata ba.

10. Feshi

Lokaci ya fi gwaninta tasiri. Fenti ya fi son zafin da bai wuce digiri 25 ba, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, fenti yana bushewa a iska kafin ya sauka, jiki ya fito da kaushi. Hunturu ƙura, damina laima mai sa fenti ya yi hazo. Mafi kyau kaka, daga ɗaukewar ruwa zuwa kafin buji ya taso, da sassafe bayan raɓa ta bushe, a gama kafin ƙarfe 10. Da dare ƙwari ke bin fitila su faɗa ciki. In ba oben, wato rufaffen ɗakin feshi, a kewaye rumfa da leda a bar mafitar iska, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a matsar da janareta nesa don hayaƙinsa.

A zubar da ruwan tankin kwamfaresa kowace safiya, a sa matatar ruwa kusa da gan. Bakin gan 1.3 ko 1.4. Haɗin mai hadina yawanci kashi biyu na fenti ne da kashi ɗaya na hadina da ɗan tina, amma abin da aka rubuta a gwangwani shi ne hukunci, kuma a auna da kofi, ba da ido ba. A tace. Tazarar gan da jiki kamar taƙi ɗaya, kowane layi ya hau rabin na baya. Hawan farko siriri, a jira minti 10 zuwa 15, sannan cikakku biyu. Gefuna da cikin ƙofofi a fara da su. In fenti ya zubo ya yi hawaye, kada a taɓa, a bari ya bushe a goge da 1500.

Gargaɗi: hadina tana da sinadarin da ke lalata huhu, yana jawo asma mai zama har abada. Takunkumin asibiti ba ya tare shi, madarar da masu fenti ke sha bayan aiki ma ba ta wanke shi. Ka sayo wa mai feshin takunkumin kirki da kuɗinka, ka sa shi a lissafi.

11. Kuɗi da ciniki

Farashi yana motsi kowane wata, don haka yi lissafi da lita, ka kai jerin shago biyu ko uku. Tawa doguwa ce, mai inci 109 tsakanin tayar gaba da ta baya, da rufin ƙarfe, waje kawai ta ci ec firaima lita 2, firaima mai cikawa lita 4, fenti lita 5 da hadinarsa, tina lita 10 har da wankin gan, baƙin fentin casis lita 3, maganin cire fenti gwangwani 6, da samfefa kamar falle 10 na kowace lamba. Gajeriya mai inci 88 a rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mai ceto kuwa sabulu, samfefa, maganin tsatsa da kaki ne duk kayansa, lokacinsa ne zai biya.

Sayi kaya da kanka, a buɗe gwangwani a gabanka. In ka ba da kuɗin kaya da na aiki a dunƙule, firaima ce ke fara yin ƙafa, don ba a ganinta bayan an rufe. Kuɗin aiki a raba uku: kafin farawa, bayan ka zo ka duba firaima da idonka, da bayan an ɗaura komai. Walda a yi cinikinta daban bayan an kankare, don sai a lokacin ake sanin girman ɓarnar. Wanda ya ce zai gama maka a kwana 3, gode masa ka wuce. Tawa sati 6 ta yi, feshin kansa kwana 2 ne a ciki.

12. Bayan an gama

A jira sati 1 kafin a ɗaura ƙofofi da robobi, fentin mai kuwa a ba shi sati 2 ko fiye. Kada a lulluɓe ta da tamfol a wannan lokaci, zai bar sawunsa. Ba kaki ba folish sai bayan wata 1 zuwa 2, wanki da ruwa zalla. Kada a ajiye ta ƙarƙashin dogon yaro, 'ya'yansa da kashin tsuntsaye suna huda sabon fenti. Ragowar fentin a juye a ƙaramin gwangwani, a rubuta launi da ranar haɗi, a haɗa da hotuna da ledar da ka kwafi rubutu a ajiye tare da takardun mota.

In launin waje ya canza daga abin da ke rubuce a takarda, je ofishin rajistar motoci a gyara kafin ka hau titi. Ka kuma riƙa yawo da kwafin takardar gwanjon a cikin motar, don ko shuɗiya ce siffarta ba ta ɓuya, kuma a shinge za a tambaye ka inda ka samo ta.